Ƙwayar da Ta-Hanya Ta Tsinto a Kwari

An fara yanka dutsen da na tashi a jikinsa. Daga tagar ɗakina a gidan ɗana, nan Rusaifa a Makka, ba na hango shi, amma idan iska ta juyo nakan ji gurnanin motocin da ke cin sa. Jikokina sun ce an share rabin unguwarmu ta Nakkasa, wai ko lungun da gidanmu yake ba a gane shi. Ban yi kuka ba. Gidajen nan tun suna tsaye ba abin kallo ba ne, dutse ne a kan dutse, rufin kuwa itace da gwangwani da tsohon buhu. Idan na ji ƙarar, abin da ke zo mini shi ne bayan ɗakunan, wato gangaren da ke yin kore idan Allah ya kawo ruwa, da kwarin da ke ƙasansa, da abin da ke tsirowa a ciki. Yaran yanzu sun san sunan kowace mota, amma a nuna musu ganye biyu sai su ce duk ciyawa ce. Ba laifinsu ba ne. A ina za su ga ganyen?

A zamanin da nake faɗa, kukan sandar Baba ke tashin mu da asuba. Shi saƙƙa ne, abin da a ƙasar Hausa ake kira ɗan ga-ruwa. Garwa biyu yake ratayawa a sandar gora, ya saɓa a kafaɗa, ya gangara bazan, inda unguwa ke ɗibar ruwa, ya cika, ya yi ta hawa da shi benayen masu hali har rana ta take. Sandar tana da wani ƙiiƙ-ƙiiƙ nata, ko a cikin saƙƙa goma mukan gane tafiyarsa. Bayan ya fita sai turmi ya amsa daga gida zuwa gida, awaki su fara neman a kwance su, mai tamis ya buɗe tanderunsa ƙamshin gurasa ya hauro mana. Kiran salla daga Harami ba ya isowa da ƙarfi irin na yanzu. Sai an yi tsit ake jin sa, siriri, kamar daga cikin rijiya, don haka tsofaffi kan tsawata wa yara idan lokaci ya matso. Inna wanki take yi wa alhazai. Igiyoyin gidanmu ba sa rabuwa da fararen harami, ni kuma aikina matsa da shanya, da hura gawayin dutsen guga. A cikin gida Hausa muke yi, a waje Larabci, a bakin ƙofa kuwa duk wanda ya riga zuwa baki.

Iya ita ce mahaifiyar Baba. Da ƙafa ta zo daga ƙasar Kano. Takan ce ta baro gida da Baba a goye, ta iso Makka shi ne ke ɗaukar mata kaya. A wannan doguwar hanya ta koyi itatuwa, don wanda ke tafiya ba kasuwa ba likita dole ya san abin da zai ci da abin da zai kashe shi. A ƙofar gida take zama da faifanta na saiwoyi da ƙwayoyi da busassun ganye, mata na zuwa su faɗi damuwarsu ƙasa-ƙasa. Lokacin da na fara zama budurwa sai yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai haske da inuwa. Ran nan ta kira ni ta ce, “Idona ya tafi hutu, naki zan ara.” Tun daga nan duk inda za ta, hannunta na kafaɗata.

Kowace shekara idan sanyi ya fara janyewa, mata irin su Iya kan hau dutsen Ɗa'if tsinkar wardi a lambunan mutanen can. Shekarar da nake son ba da labarinta ita ce ta farko da aka tafi da ni. Yanzu mota ke hawa da mutum kafin shayinsa ya huce. A da kuwa alfadari ne da ƙafa, ta wata matsattsiyar hanya da aka jera wa duwatsu, gwaggon birai na zaune a sama suna kallon mu kamar masu karɓar haraji. Da muka kai sama na ji sanyin da ban taɓa ji ba, na ga ruwa yana gudu a fili babu mai tsaron sa. Tun kafin rana ta fito ake tsinkar wardi, a zuba a buhu a kai wa masu tukwanen tagulla su dafa su tatsi turare. Iya da hannu take tsinka, kuma ba a fin ta sauri. Da hantsi aiki ya ƙare, sai ta ce in ja ta mu bi gefen gonaki.

A nan ta koya mini abin da ta kira gidaje. Ta ce itace kamar mutum ne, ba a tambayar sunansa kafin a san gidansu. Suna kowa da wanda yake kira, Larabawa da nasu, Buharawa da nasu, mu da namu, amma halin gida ba ya ɓuya.

Na farkon da muka tarar jan fure ne a cikin gonar sha'ir, ja wur, da baƙin ɗigo a gindin kowane kunne. Na tsinko na ce, “Iya, ga wani mai kyau.”

Ta ce, “Kyau ba shaida ba ne. Karya karan ki gaya mini abin da ya fito.”

“Wani farin ruwa, kamar nono.”

“Kunnuwan furen fa, a miƙe suke ko a yamutse?”

“A yamutse, kamar zanen da ya kwana a ƙunshi.”

“To riƙe shi mu ɗan taka.”

Ba mu yi nisa ba kunnuwan suka zube, ya bar ni da kara da wani ɗan ƙoƙo mai murfi a kai. Ta shafa ƙoƙon da yatsa ta ce wannan shi ne gidan masu nono. Duk ɗan gidan idan an karya shi yana zubar da ruwa mai launi, wani fari, wani rawaya, wani kamar ruwan goro. Furensu ba ya jure hannu, 'ya'yansu ƙanana ne a cikin ƙoƙo. A gidan nan akwai mai sa barci, akwai mai sa barcin da ba a tashi, saboda haka ba a kai ɗansu baki sai an san shi da kakansa.

Gida na biyu a bakin hanyar ruwan lambu muka same shi. Ɗan fure ne rawaya mai sheƙi kamar an shafa masa man shanu, tsakiyarsa cike da zare-zare, ganyensa a tsattsage kamar sawun kaza. Na karya, ruwan garau kamar na rijiya. Iya ta ce in taɓa a harshe in tofar. Na taɓa, ya ƙone ni kamar barkono, ita kuwa ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta ce su masu yaji ke nan, ko akuya ba ta kula su ɗanyu. A gidansu akwai wani mai hawa itace da ke yin farin gemu idan ya tsufa, na kuwa gan shi a kan katangar wani lambu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne da ta ce habbatus sauda 'yar wannan gida ce. Wata tsohuwar Balarabiya ta shuka ta a ɗan fili bayan ɗakinta, ta bar mu muka shiga. Ban taɓa zaton haka take ba. Tsiro ne ɗan siriri wanda bai wuce gwiwa ba, ganyensa kamar zare, furensa fari mai ratsin shuɗi, kwansonsa da 'yan ƙahoni a sama. Ba ƙaya ko ɗaya. Iya ta fasa busasshen kwanso a tafina ta ce in murza ƙwayar. Tana da kusurwa uku, ba ta gangarawa, ƙamshinta kuwa har maƙogwaro.

Gida na uku sau ɗaya na ga ɗansa a tsaye, a lambun wani tsoho cikin Buharawa da ya zo da shi daga ƙasarsu. Ɗan itace ne mai ƙaya uku-uku a gindin ganye, 'ya'yansa jajaye masu tsami, su ne zirishk da Buharawa ke barbaɗawa a shinkafa. Mutumin ya kankare ɓawon reshe da wuƙa ya nuna mini, cikin rawaya shar kamar gangamau. Iya ta ce duk itacen da na gani da ƙaya uku da rawayan ciki, na wannan gida ne, saiwarsa na wanke ido. Ta roƙi 'yar kaɗan ya ba ta. Ban sani ba ko don idonta ne, ban dai ga ta yi amfani da ita ba.

Kafin mu hau dutsen nan, an yi ruwa a Makka irin wanda tsofaffi ke auna shekaru da shi. Kwarin bayan gidanmu ya cika ya kawo, ya janye ya bar laka, abubuwa suka tsiro waɗanda ba a saba gani ba. A daidai lokacin ne wata mata ta sauka a ɗakin da ke jikin katangarmu. Iyayenta sun baro ƙasar Hausa tun ba a haife ta ba, a hanya aka haife ta, a hanya ta girma tsakanin gonakin auduga da zangon raƙuma, a hanya ta yi aure, mijin kuma ya rasu a gaɓar teku suna jiran jirgi. Shi ya sa unguwa ta sa mata Ta-Hanya. Ta iso da 'ya ɗaya, Laraba, yarinya 'yar firit da ba ta fara famfarar haƙori ba, mai son bin awaki. Baba kan ajiye musu garwar ruwa a ƙofa ba ya karɓar komai, Inna kuma ta riƙa raba wanki da ita. Matar ba ta da abin ramawa, kuma abin yana damun ta. Takan ce wa Inna, “Yaya, hannun da ke karɓa kullum nauyi yake yi.”

Da kakar wardi ta ƙare muka gangaro gida da rana tsaka. Tun daga bakin lungu na ga sandar Baba a jingine da garwa biyu a kife. Ban taɓa ganin su a gida a wannan lokaci ba. Baba na kwance a tabarma a inuwar katanga, ƙafafunsa sun kumbura kamar turame, fatar ta yi ja tana ƙyalli. Numfashinsa sama-sama. Inna ta ce da zawo ya fara, sannan kumburin ya taso daga idon sawu yana hawa. Wanzami ya yi masa ƙaho, an yi rubutu ya sha, babu sauƙi. Wasu sun ce hawan bene ne ya taru masa, wasu sun ce ya taka wani abu a bazan. Ga aikin hajji ya matso, lokacin da saƙƙa ke samun abin da gida zai ci shekara.

Iya ta durƙusa ta lalubi ƙafar, ta danna da babban yatsa, ta ce in duba.

Na ce, “Gurbin ya zauna, Iya, bai taso ba.”

Ta juya wajen Inna. “Wa kuma ke da irin wannan a unguwa?”

“Laraba ta Ta-Hanya, nata ma ya fi. Da tsohon nan mai ɗinkin takalma, da matar mai gawayi.”

“Ke fa?”

“Ni lafiyata ƙalau.”

“To me yake ci da ba kya ci?”

Inna ta yi tunani. Tukunya ɗaya suke ci. Can ta ce babu, sai dai habba da zuma da yake lasa da safe don ƙarfin jiki, ita kuwa zuma na tayar mata da zuciya shi ya sa ba ta taɓawa. Ta-Hanya ce ke kawowa a dake, har da ɗan man da take tatsa. Wannan ai ba abin zargi ba ne, in ji Inna, habbatus sauda ce fa.

Aka kawo kwanon. Iya ta shinshina, ta ɗan lasa, ta daɗe tana juya harshe. Ta ce ƙamshin habba na nan amma ya yi rauni, kuma akwai wani ɗaci a bayansa da ba ta san shi da shi ba. Dakakken abu ba ya faɗin gidansu, sai an ga ƙwayar. Ta aike ni in kira matar.

Ta-Hanya ta zo da Laraba a kafaɗa, don yarinyar ba ta iya taka ƙasa. Ta gaida Iya ta zauna a rakuɓe. Da aka tambaye ta, ba ta ɓoye komai ba, har da ɗan murmushin wanda ya yi abin kirki. Ta ce 'yar kaɗan take saya a kasuwa, sauran kuwa Allah ne ya ba ta kyauta. Ta je kwari neman itacen wuta ta tarar da ita ta bushe a kan karanta, fili guda. Ta tambayi wata yarinya Balarabiya mai kiwo ko mene ne wannan, yarinyar ta leƙa tafinta ta ce, “Habba soda.” Shi ne ta yi ta ɗiba. Tana ba Laraba safe da yamma, tana shafa mata man, da ta ga kumburi ma sai ta ƙara, tunda magani ne. Ta kai wa duk wanda ya taɓa yi mata alheri.

Iya ta ce, “Ya binti, 'yata, ki bar yarinyar a nan. Ki kai jikata inda kika ɗebo.” Ni kuma ta kama kunnena ta jawo kusa da bakinta. “Kada ki ce komai a can sai kin karya, kin duba, kin murza. Ki zo mini da reshe.”

Muka gangara. Rana ta yi zafi, duwatsun na ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Ta-Hanya na gaba tana ba ni labarin yadda Laraba ke son zumar. Tun daga nesa na ga ba abin da na gani a Ɗa'if ba ne, amma na riƙe bakina. Tsiron ya kai ƙugu, ƙaya tun daga kara har ganye har kwanso. Yawancinsu sun bushe sun buɗe baki a sama, iska na kaɗa su suna caccaka. A inuwar wani dutse na sami ɗaya da sauran rai. Ganyensa fari-fari ne da jijiya kamar an zuba madara, furensa rawaya, kunnuwan a yamutse. Na naɗe hannu da gefen mayafi na karya. Ruwa ya fito rawaya kamar ƙwai, ya ɓata mini mayafin. Na zazzage busasshen kwanso a tafina. Ƙwayar baƙa ce ƙirin, girmansu ɗaya da habba, amma a mulmule take, ta gangara ta tsakanin yatsuna. Na murza na shinshina, babu ƙamshin komai.

Ta ce, “Ita ce ko?”

Na ce, “Inna Ta-Hanya, ba ita ba ce. Habba ba ta da ƙaya, ba ta da nono. Wannan na gidan masu nono ne.”

“Amma yarinyar ta ce habba soda.”

“A bakinsu duk baƙar ƙwaya haka ake ce mata. Abin da ta gani a hannunki ta faɗa.”

Ta tsaya tana kallon filin. Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Ta dai zauna a kan dutsen nan mai zafi kamar ba ta jin sa, ta ce, “Safe da yamma.” Ta sake cewa, “Safe da yamma nake ba ta.” Sai da na kama hannunta sannan ta tashi.

Da muka dawo, Iya ta shafa reshen a hankali saboda ƙayar, ta sa na faɗa mata launin ruwan. Ta ce ta san shi, a ƙasar Hausa haƙorin kada ake ce masa, a juji yake fitowa, ko jaki ba ya cin sa. Mai yiwuwa a cikin abincin raƙuma ƙwayarsa ta zo, ruwa ya baza ta. Sannan ta ce, “Kama da wane ba ta wane.” Iyakar faɗan da ta yi ke nan.

Sauran magana ita ce yadda za a sanar da mutane. Dole a karɓo abin daga kowane gida kafin a sake lasa, amma mace ce baƙuwa, ba miji ba dangi ba takarda, idan aka ce ta ba mutane guba ba a san inda abin zai tsaya ba. Iya ta yanke cewa ni zan zaga da reshen in ce ita ta aiko ni, duk mai dakakkiyar habba ya zubar, an sami gauraye a ta bana. Za a faɗi ganyen, ba za a faɗi hannun ba.

Ta-Hanya ta girgiza kai. “A'a, Iya. Ni na kai, ni zan karɓo. Ita ba ta san gidajen duka ba. In aka tsallake ɗaya fa?”

Haka muka zaga tare, ni da reshe ita da ƙwarya. A kowace ƙofa ita ke yin sallama, ta ce abin da na kawo muku ba habba ba ce, ban sani ba, ku ba ni abina ku yafe mini. Ni kuma in nuna ƙayar da rawayan ruwan, in zuba ƙwaya biyu a tafin matar gida, ta gaske da ta kwari, ta murza ta ji bambanci. Wasu sun yi salati sun miƙo. Mai gawayi ya biyo mu har waje yana zagi da Larabci da Hausa, ta tsaya kanta a ƙasa har ya gaji. Tsohon mai takalma ya ce Allah ya sa kaffara ce, ya rufe ƙofarsa. Kafin magariba ƙwaryar ta cika, aka haƙa rami aka binne. Washegari samarin unguwa suka sa wa filin wuta.

Wannan cuta ba ta da wani magani a faifan Iya, ita da kanta ta faɗa. Sai dai a daina ci, a kwanta, a sha nonon akuya da romo, a jira. Manya suka fara saɓewa a hankali. Kumburin Baba ya riƙa sauka kamar yadda ya hau, sai dai idonsa na hagu ya yi hazo, bai kuma washe ba har ya bar duniya. Hajjin shekarar bai ɗauki ruwa ba, wankin Inna da nawa ya riƙe gidan. Laraba kuwa jikinta ƙarami ne, kuma ita ta fi kowa sha. Ta ɗan yi kamar za ta tashi, har ta nemi a kai ta ta ga awaki. Wata safiya bayan an idar da salla numfashinta ya tsaya a cinyar uwarta.

Inna da Iya suka yi mata wanka a gidanmu. Da aka fito da 'yar makarar, mazan da suka taru ba su da yawa, don har lokacin akwai masu jin haushi. Daga unguwarmu zuwa Harami, daga can zuwa maƙabarta, tafiya ce mai nisa ko ga mai lafiya. Ina tsaye a bayan ƙofa na ga Baba ya yunƙura daga tabarma. Tun da ya kwanta bai wuce bakin lungu ba. Ya kwance igiyoyin garwa daga sandarsa, ya dogara da ita.

Inna ta ce, “Malam, ina za ka da ƙafar nan? An ɗauke maka.”

Liman ma ya ce ya koma, Allah ya ga niyyarsa.

Baba ya ce, “Kwano ɗaya muka ci da ita. Ni aka bari, ai sai in raka ta.”

Ya bi bayansu yana jan ƙafa. Mai gawayi na tsaye a ƙofarsa yana kallo. Da Baba ya wuce shi, sai ya shiga ciki ya fito da hula, ya bi sahu. Kafin su kai gangare mutanen sun ninka. Sai bayan la'asar aka dawo da Baba a kan jakin wani, ƙafar ta sake hawa, ya ƙara kwanciya.

Ta-Hanya ba ta bar unguwar ba. Ta zauna a wannan ɗaki har ta tsufa tana wanki, ba ta sake aure ba, ba ta kuma sake tsinkar ko ganyen miya da hannunta ba. Mata sukan kai mata jariransu ta riƙe idan za su kasuwa, har da matar mai gawayi. Ni aka yi mini aure a shekarar da ta biyo, na gaji faifan Iya bayan ta rasu, na riƙe shi har kantunan magani suka yi yawa mata suka daina zuwa. Wani lokaci Ta-Hanya kan ce in raka ta ziyara. Mukan tsaya daga bayan katangar maƙabarta, tunda mata ba sa shiga. A nan garin ba a rubuta suna a kabari, kuma ita ba ta ga inda aka sa yarinyar ba. Baba ne kaɗai a gidanmu ya gani, ya ce mata wajen gabas ne, kusa da wani dutse mai tsini. Duwatsu masu tsini suna da yawa a wurin. Takan zaɓi ɗaya ta fuskance shi ta yi addu'arta, mu juyo.